Yaya Rakiya da Faifan da Ta Ɗauko daga Gounghin

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayata Rakiya, kuma har yau idan watan ya kama ba na iya zama wuri ɗaya. In share tsakar gida, in sake sharewa, in fita kasuwa in dawo hannu biyu. Bana na ce bari in rubuta, ko zuciyar ta lafa.

Waɗanda suka zauna a Zongon Wagadugu a tsakiyar shekarun dubu biyu za su tuna shagonta na buga takardu, wanda kowa ke kira sekretariya. Ordinata biyu ne a ciki, wato kwamfuta, da injin fitar da takarda ɗaya, da fanka mai ƙara. Direbobin Nijar na zuwa a rubuta musu wasiƙar Faransanci zuwa ofis, 'yan kasuwa na zuwa, ɗalibai na zuwa da kilensu, ɗan abin nan da ake zuba rubutu a ciki a soka wa ordinata. Ita ke kan babbar na'urar, ni Balki ina kan ƙaramar.

Akwai wani dattijo, Baba Alhaji Tanimu, jikan fataken goro. Kullum da hantsi sai ya zo da sandarsa ya zauna kusa da ita, yana ba da labarin yadda kakanninsa suka taso da jakuna, zango bayan zango, wa ya mutu a hanya, wa ya yi aure ya tsaya. Yana faɗa, tana bugawa da Hausa. Wata huɗu suna haka. Duk sanda ta ce a fitar a takarda sai ya ce a'a, a bari a kai ƙarshe a karanta masa tukuna.

Wata safiya ta kunna na'urar, ta tarar rubutun ya zama wasu alamomi marasa kan gado. Birus, cutar nan ta na'ura, ta shiga ta cinye shi. Ina tsaye a bayanta, kuma na san ta inda ta shigo. Kwana ɗaya kafin nan, da rana, na je siba, shagon intanet, na kwaso hotunan bikin ƙawata, na soka kilena a babbar na'urar, abin da ta sha hana ni. Na bar ta tana zargin ɗalibai, tana zargin kanta.

Da Baba Alhaji ya zo, ta durƙusa ta gaya masa. Ya ce, "'Yata, abin da na faɗa miki, da na faɗa sai na sake shi. Ban san ko zai dawo ba."

Ranar ta hau babur ɗinta da na'urar ɗaure a baya, ta tafi unguwar Gounghin wurin Rasmane, mai gyaran ordinata. Ya yi iya yinsa, rubutun bai dawo ba. Amma ya ba ta faifai guda, ya ce wani tsari ne na tafiyar da na'ura da ake kira Linux. Ba a sayensa, kowa na iya kwafa ya ba wani, kowa na iya buɗe cikinsa ya ga yadda aka ƙera shi, har ya gyara. Ya ce irin birus ɗin da ke yawo a kilen mutane ba ta cika samun wurin kamawa a cikinsa ba. Ya nuna mata yadda za ta gwada shi daga kan faifan ba tare da ta goge komai ba.

Mako biyu tana gwaji. Da abokin ciniki ya fita sai ta saka faifan, ta danna nan, ta danna can, tana rubutawa a wani littafin 'yan makaranta. Abinci ya huce a gefenta. Daga nan, wata Juma'a bayan an sauko, ta goge tsohon tsarin daga na'urorin biyu ta ɗora sabon.

Sai injin fitar da takarda ya ƙi. Kwana tara bai fitar da ko layi ɗaya ba. Takardun da mutane ke kawowa kuma, wasu in an buɗe sai layukan su goce. Direba ba ya jira, motarsa na kan hanya. Ɗaya bayan ɗaya suka koma wani shago. Kuma ni, ni da na jawo abin, na fi kowa ɗaga murya.

"Yaya, ki mayar mana da tsohon mu ci abinci. Wannan na masu karatu ne."

Ba ta ɗago ba. "Tsohon ya cinye wata huɗu na bakin dattijo, Balki. Ba zan sake aza maganar mutum a kan abin da ban san cikinsa ba."

Na fita na bar mata shagon. Yanzu na gane abin da nake so: a koma yadda ake, kamar ba abin da ya faru. Ita kuwa sai zirga-zirga take, daga siba inda take karanta bayanan mutane da Faransanci, zuwa Gounghin, zuwa shago. A rana ta goma na leƙo, na ji injin yana ja. Tana zaune a ƙasa, zaninta duk tawada, tana dariya ita kaɗai. Ta miƙo mini takardar. Abin da ke jiki layi ɗaya ne: ƙ, ɗ, ɓ, jere har ƙarshe. Ta gano yadda za ta sa wa haruffanmu masu lanƙwasa maɓallinsu, abin da a da sai ta bi da biro tana ƙarawa.

Ba zan ce daga nan komai ya yi daidai ba. Wasu abokan cinikin ba su dawo ba har abada, kuma akwai takardun ofis da sai mun kai wani wuri. Amma ba mu sake asarar rubutun kowa ba. Baba Alhaji ya dawo suka fara daga farko, wannan karon tana fitar da shafin kowace rana ko ya so ko ya ƙi. Sai dai sunaye sun fara guje masa. Ya rasu cikin damina, labarin yana tsakiya, ayarin kakanninsa bai ma iso Wagadugu ba. Haka yake a hannun jikokinsa har yau.

Sai da ciwon ƙoda ya kwantar da ita, shekaru bayan haka, sannan na iya buɗe baki. Da la'asar ne, ina shafa mata man zafi a ƙafa. Na ce, "Yaya, kilena ne." Ta ce, "Na gan shi a jikin na'urar ranar. Ina sauri, na ce ba komai. Mu biyu ne, Balki. Na daɗe ina jira ki faɗa ki huta." Ta yafe, amma hutun bai zo mini duka ba.

Ina yawan tambayar kaina me za ta ce da ta ga yau. Shagon ya zama wurin sayar da rigunan waya. Kowa na riƙe da na'urar da ta fi tamu ƙarfi nesa ba kusa ba, amma ba wanda ya san cikinta, ba wanda ma ya damu ya sani. Tsofaffinmu na aika saƙon murya mai tsawo, da tarihi da addu'a da sunayen dangi, wayar ta faɗa ruwa, shi ke nan. 'Ya'yanmu na fara magana da Hausa su ƙarasa da Faransanci, in za su rubuta ƙasa su rubuta kasa. Ina jin da ta yi faɗa, sannan ta karɓi wayar ta nemi ta inda ake buɗe ta. Ba ta iya ganin abu a rufe ta wuce. Wani lokaci ina ganin ta yi nasara, wani lokaci ina ganin duniya ta bi wata hanya ta bar ta. Ban tsaya a kan ɗaya ba.

Ba ta bar gida ba, ba ta bar 'ya'ya ba. Amma a shekarunta na ƙarshe ta koya wa mata da yawa aikin, kowace ta tafi da kwafin faifai da umarnin ta koya wa wata. Watan jiya na raka mijina wani ofishin masu motocin kaya a unguwar Kossodo. Sakatariyar, matar da ban taɓa gani ba, na hango allon na'urarta na gane tsarin. Na tambaye ta ina ta koya. Ta ce, "Wadda ta koya mini ta ce wata mata ce a Zongo ta koya mata. Ban san sunanta ba."

Na ce sunanta Rakiya. Ta ce in maimaita. Ta ɗauki biro ta rubuta a gefen kalandar da ke kan teburinta, ta ce za ta sa ta a addu'a.

Allah Ya ji ƙan Yaya, Ya ji ƙan Baba Alhaji Tanimu, Ya sa sun huta.