Daddawar Mma Adiza za ta Jado

Ina tsakar gida ina cusa bargo da rawani cikin jaka, sai ga Mma Adiza, maƙwabciyarmu a zangon Bawku, da ƙulli a hannu. Ta ji zan tafi Jado, can cikin saharar Nijar inda ake haƙar zinariya, in dubo ƙanena.

Ɗanta Sule ma can ya nufa, shekaru ke nan ko waya babu.

Tun kafin ta kwance ƙullin na san daddawa ce.

Na ce, "Mma, ba ni da lambarsa, ban san ramin da yake aiki ba. Ina zan gan shi?"

Ta ce, "Wa ya ce ka neme shi? In ka sauka, ka ɗora miya a fili, inda iska ke bi. Da daddawata na yaye shi. In yana garin, hancinsa zai kawo shi."

"In bai zo ba fa?"

Ta gyara mayafi. "To, 'ya'yan wasu su sha. Su ma uwa ce ta haife su."

Na fitar da takalmana na sa ƙullin a wurinsu.

Jama'a, ina iyayenmu ke samo irin wannan zuciya? Ku sa Sule a addu'a.