Ranar da na fasa simintin da na shafe da hannuna

Shekarun baya, cikin shekarun casa'in, na dawo Madarunfa daga cirani a Najeriya da ɗan abin hannuna da kuma girman kai mai yawa. Shekara huɗu na yi ina bin magina, na koyi shafe daɓen siminti, na ga yadda ake jera karo, wato tayil, a gidajen masu hali. Na ce to, gidanmu ma sai ya canza.

Zaure na yi masa siminti. Ɗakina na jera gutsattsarin karo da wani maigidana ya bar mini, kala-kala, wani fari wani shuɗi. Ɗakin matata na shimfiɗa leda mai zanen fure. Saura ɗakin mahaifiyata. Nata daɓen ƙasa ne tun na zamanin mahaifina, duk ya yi kwari da tudu. Kullum na shiga sai in ji kunya.

Da ta tafi Gabi bikin suna wajen ƙanwarta, na fitar da kayanta, na farfasa tsohon daɓen, na zuba siminti har da jan kala, na goge shi sumul. Ban tambayi kowa ba. Ni a nawa haukan, kyauta ce zan ba ta.

Ranar da ta dawo, ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta sa ƙafa ɗaya ciki, ta tsaya cik.

"Kai, ina ƙasata?"

Na yi dariya na ce, "Inna, an ci gaba. Wannan ko sati ba a share ba, ba ƙura."

 Ta dafa bango ta shiga.

Daga ranar Inna ta daina fitowa. Matar da ba ta yarda a ɗebo mata ko ruwan alwala, sai ga ta zaune bakin gado tana kiran matata. Kwana na biyar ta yi karo da randarta, randar ta fashe, ita kuma ta gurje gwiwa. Ni fa haushi na ji. Na ce wa matata tsohuwar nan ba a iya mata, an yi mata abin arziki tana fushi.

Matata ta ajiye muciya ta dube ni. "Maigida, kai kaɗai ne ba ka sani ba a gidan nan. Tun bara idon Inna ya yi hazo. Da ƙafa take gani. Kwarin nan da ka cike, shi ke gaya mata ta iso gado. Tudun da ka baje, shi ne wajen randa. Ita ta hana a faɗa maka."

 Na shiga na durƙusa gabanta, na ce zan sa a riƙa kama mata hannu.

"A ja ni kamar akuya a ɗakina? Ban kai nan ba tukuna. Kai dai fitar mini da wannan abin naka. Ko'ina na taka iri ɗaya ne, ba ya gaya mini komai."

Washegari na ɗauki guduma. Duk wanda bai taɓa fasa aikin hannunsa maƙwabta na leƙe ba, bai san zufa ba.

Inna ta aika Safo, ƙauyen da aka haife ta. Ranar da aka sa, sai ga ƙawayenta shida a amalanken jaki, kowace da madaɓinta, wato icen da ake bugun ƙasa da shi. Tun kwana biyu kafin nan an jiƙa ɓawon ɗorawa, ruwansa, wato makuba, ya yi baƙi. Na ɗauko cokalin gini zan taimaka. Babbarsu ta ce, "Ɗan nan, ajiye. Mun ga aikinka ai. Jaki na waje, je ka kawo mana tsakuwa da ruwa."

Haka na wuni, magini guda, ina jigilar ruwa.

Amma na ga aiki. Suka jeru bisa gwiwa, ana yayyafa makuba, madaɓai na sauka tare kamar hannu ɗaya, suna waƙa suna zagin mazajensu da suka mutu da waɗanda suka ƙi mutuwa. Inna na gaba tana shafa ƙasa da tafin hannu: nan a ƙara, nan a rage, nan a bar gangare zuwa ƙofa. Ni da igiya da ma'auni ban taɓa fitar da gangare mai kyan wannan ba.

Sai ta ce a kawo tsingaron randar da ta fashe. Ta jera su ɗaya bayan ɗaya, tun daga gado har bakin ƙofa, aka buge su suka nutse, ɗan bakinsu kaɗai ƙafa ke ji. Can ta ɗaga murya: "Kai, wannan abin naka mai santsi, da saura? Kawo guda uku." Na kawo karo. Ta sa ɗaya wajen randa, ɗaya inda take salla, ɗaya a dokin ƙofa.

"Ka ga, naka ma ya yi rana," in ji ta.

Da daɓen ya bushe, ina tsakar gida na ga ta fito ita kaɗai da butarta, ba ta dafa bango ba. Ta wuce ni ta ce in gusa, na tsaya mata a hanya.

Shekara tara ta ƙara a ɗakin nan, ba wanda ya taɓa kama hannunta a ciki.

Har yau ina aikin daɓe, gwiwoyina sun gaji, bayana ma haka. Amma kafin in kwaɓa komai sai na tambayi wanda zai taka, in ma tsoho ne sai na zauna mun yi magana. Ledar matata ta daɗe da yagewa, zauren na yi masa faci ban san iyaka ba. Layin tsingaron Inna yana nan. Wani lokaci nakan cire takalmi, in rufe ido, in bi shi daga gado zuwa ƙofa. Har yanzu sai na buga goshi.