Ƙarar Ruwan Gungunmu

Ban taɓa sanin Baba da ido ba. Kafin in yi wayo ya makance, kamar yawancin dattawan gungunmu, wato tsibirin da aka haife ni a tsakiyar kogin Kwara, kudu da Yelwa. Abin yakan fara da ƙaiƙayi, mutum ya yi ta susa har da dutse, sai ƙululu ya fito a ƙugu, gani ya riƙa dushewa. Mun ɗauka haka tsufa yake ko'ina a duniya.

Amma a gaban Baba ba mai cewa makaho. Mutum ne mai zafin rai, kuma ba a yi masa jagora. Akwai duwatsu gabas da gungun, inda ruwa ke dukan su ba dare ba rana, da wannan ƙara yake tafiya. In zai je lambun albasarsa ya sa ta a kunnen dama, in zai dawo ya mai da ta hagu. Da ita yake gane ruwa ya ƙaru, tun masu ido ba su lura ba. Inna takan tsokane shi, wai ta auri kunne ne, sauran jikin gyara aka yi mata. Shi kuma ya ce kunnen nan ke ciyar da ita.

Ina da shekara sha huɗu wasu ma'aikatan lafiya suka zo cikin jirgi mai inji. Suka haska idanunmu da tocila, suka ɗan yanki fata a ƙugun kowa. Cikinsu akwai wani malamin asibiti, siriri, mai yawan haƙuri. Shi ya gaya mana ba tsufa ba ne, ba kuma aikin aljanun ruwa ba. Ɗan baƙin ƙudan nan ne mai cizon ƙafa, yana sa tsutsa a jiki, kuma a ruwa mai gudu kan duwatsu yake haihuwa. Baba ya tashi ya bar wurin. Ranar ko tuwo bai ci ba, ya ce an zo har gida an zagi abokinsa, wato ruwan duwatsun nan.

Bayan shekara biyu aka gama dam ɗin Kainji, aka kwashe mu zuwa sabon gari wajen Wara. Gidajen siminti ne, jere reras, duk iri ɗaya, da zafi kamar tanda. Ruwa ya taso a hankali ya ci lambuna, ya ci kabarin kakata, ya haɗiye duwatsun. Tafki ya kwanta shiru.

A makon farko sau uku Baba yana ɓata. Sau ɗaya ya shiga gidan maƙwabta ya zauna kan tabarmarsu yana kiran Inna ta kawo fura. Mutane suka yi dariya, ni ma na yi, kuma har yau ina jin kunyar dariyar nan. Duk da haka bai yarda a riƙe shi ba. Kullum da safe zai fita ya tsaya a ƙofa, ya karkata kai hagu, ya karkata dama, yana neman abin da babu. Ya dage ruwan nan baƙo ne, zai janye, duwatsu su fito su ci gaba da magana. Ba wanda ya yi ƙarfin halin musa masa.

Aka gina mana ɗakin shan magani, har ana lambar rigakafi da awon ciki. Na yi aure, na haifi 'ya mace. Tana da shekara huɗu malamin nan siriri ya dawo duba yara, ya yi furfura. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, bai sami ƙululu jikin waɗanda aka haifa a sabon gari ba. Ya ce ƙudan ya yi ƙaura tunda babu ruwa mai gudu.

Baba na zaune gefe, 'yata a cinyarsa. Ya ɗaga kai ya ce, “Malam, in anka buɗe ruwan ga shi tahi, duwatsunmu na hitowa?”

Malamin ya ce za su fito.

“Da ƙudan?”

Malamin ya ce har da shi.

Baba ya sunkuyo kan 'yata. Ya sa tafin hannu ya shafa fuskar yarinyar, ya bi girarta da babban yatsa, tana ta ƙoƙarin kauce masa.

“To a bar shi ruhe,” ya ce.

Yau na tsufa, ina sa zare a allura ba tabarau, kuma a cikin 'ya'yana da jikokina ba makaho. Na san abin godiya ne, ina kuwa godiya. Amma ƙarya nake in na ce ba na kewar gungun, da warin albasa ɗanya, da mutumin nan mai faɗa yana wucewa shi kaɗai, kai a karkace, ba ya tuntuɓe. Washegarin zuwan malamin, da safe Baba bai tsaya a ƙofa yana saurare ba. Da azahar, kirana ya yi, murya ƙasa-ƙasa don kada Inna ta ji, ya ce in zo in kai shi masallaci.