Ruwa Mai Ɗacin Aidin

Kawu ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin layin wutar lantarki a ƙafa. Aikinsa ke nan, ya bi turakun ƙarfe daga gari zuwa gari, ta daji da kan duwatsu, yana duba wanda ya yi tsatsa da inda reshe ya kusa taɓa waya. Mota ba ta shiga inda yake shiga. Ruwan da ya tarar a hanya shi yake sha, na rafi ko wanda ya kwanta a kwarmin dutse. Sai ya tace da hankici cikin gorarsa, ya ɗiga aidin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, daga wata 'yar kwalba, ya girgiza gorar, ya sassauta murfin ya kifa ta don bakinta ma ya wanku. Daga nan ya zauna ya jira maganin ya ratsa ruwan. Ya ce a wannan zaman ne yake jin wayoyi suna ƙugi a samansa kamar ƙudan zuma, gajimare na wucewa a hankali, har ya manta da ƙishin.

Da ya yi ritaya, kwalbar ta biyo shi gida. Ruwan famfo mai tsabta ma sai ya ɗiga masa, ya yi launin shayi marar ƙarfi, sannan ya sha. Shekaru ana haka, har wuyansa ya fara kumbura. Likita ta ce aidin ya yi yawa a jikinsa, dole ya bari. Matarsa, da muke kira Inna, ta ɓoye kwalbar. Shi kuma ya daina shan ruwa.

Ina hutu a gidansu lokacin. Leɓɓansa sun tsage, in ya miƙe sai jiri ya kwashe shi. Likita ta ce in bai sha ba, asibiti za a kwantar da shi a yi masa ƙarin ruwa.

"Malam, sha mana," in ji Inna, tana tura masa kofi. "Ko so kake ka bushe in rataye ka a ƙusa?"

"Ke dai bari. Ruwan nan lami ne, kamar in haɗiyi iska."

"To haɗiyi iskar, ai kyauta ce."

Ya kurɓa, ya ture kofin, ya mai da ido kan taga.

Wata safiya na roƙe shi ya raka ni yawo. Na saka gorar ruwan famfo a jaka, ban gaya masa ba. Muka wuce shagon mai walda da garejin da ake wankin mota, gidaje suka yi ta raguwa har ciyawa ta maye gurbin kwalta. Tafiyarsa ta sauya, kafaɗunsa suka miƙe. Yana magana ƙasa-ƙasa game da wani rafi mai sanyi da ya taɓa kwana a bakinsa, ban san ko da ni yake ba.

Rana ta ɗaga. Muka zauna a gindin wata bishiya, gumi na bin wuyansa. Ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba, na sa masa gorar. Ina jin ruwan yana sauka a maƙogwaronsa har ya ƙare.

Ya goge baki. "'Yar nan, gobe ki zo da babba. Wannan ta yara ce."