Mai Kunne da Sautin Gurbi na Bakwai

Ƙarfe takwas na safe Mai Kunne ke ɗaga ƙofar shagonsa. Ya share teburi, ya jona ƙarfen narka dalma ya bar shi ya yi zafi, sannan ya zauna a kujerar nan da ƙafarta ɗaya ta fi shekara goma a ɗaure da waya. Shekara talatin da huɗu ke nan yana haka. A ƙarshen watan nan zai rufe, don hannu ya fara rawa, kuma ya ce ba zai tsaya sai ya ƙona wa wani kaya ba. To, mutum irin wannan bai kamata a bar shi ya sulale shiru ba.

Sana'arsa gyaran fedar jita ce. Ga wanda bai sani ba, feda akwati ce da makaɗi ke ajiyewa a ƙasa yana takawa, sautin jita ya riƙa sauyawa: ya yi kaushi, ya yi laushi, ko ya yi amsa-kuwwa, wadda makaɗa ke kira eko. Kowane sauti da mutum ya haɗa yana ajiye shi a gurbi mai lamba.

Yawancin masu zuwa wurinsa da fushinsu suke zuwa, wai feda ta lalace. Shi kuwa ko sukundireba ba ya ɗauka. Sai ya kashe duk abin da aka kunna, ya ce, "Kaɗa in ji jitar ita kaɗai tukuna." Daga nan ya riƙa ƙarawa ɗaya bayan ɗaya, kaushi a farko, eko a ƙarshe. Ba ya yarda a saita sauti da abin sauraro na sawa a kunne; sai a lasifika, da ƙarfin da za a yi wasa a gaban jama'a, har telan da ke maƙwabtaka da shi ya buga bango. Ba ya sakin mutum sai ƙarar kowane gurbi ta yi daidai da ta ɗan'uwansa. Eko kuwa, a nan ake faɗa da shi. Da ya ga an murɗa shi ya wuce lamba uku sai ya kalli makaɗin ta saman tabarau: "Ka cika eko don kada a ji inda yatsanka ya zame. Ai na gano ka."

Telan nan da idonsa ya ga abin da ya faru bara. Wata malamar firamare ta shigo rungume da tsohuwar feda, mijinta na biye yana sosa ƙeya. Mai Kunne na ganin fedar ya gane ta. Ta abokinsa Dogo ce, makaɗin da ya rasu wata takwas kafin nan, malamar kuma 'yarsa ce.

"Baba, mun yi ɓarna," in ji ta.

Irin waɗannan tsofaffin fedoji suna da ɗan batir kamar maɓallin riga, shi ke riƙe da sautukan da aka ajiye. Duk ɗan sana'a ya san sai an kwafe lambobin saiti a takarda kafin a cire shi. Mijin nata mai gyaran waya ne, ya ga alamar batir ya yi sanyi, ya ce ai wannan aikin minti biyu ne. Minti biyun kuwa ya yi, gurbi arba'in suka tafi fes.

Ita talatin da tara ba su dame ta ba. Na bakwai ne damuwarta, don da shi mahaifinta ke kaɗa wata 'yar waƙa kowace safiya a baranda. Ta koyi waƙar a hannunsa, ga shi mahaifiyarta ta roƙe ta ta kaɗa mata da sautin nan. Sati biyu tana zille-zille, ta kasa faɗa mata cewa babu shi.

Mai Kunne ne ya haɗa wa Dogo sautin shekara ashirin da suka wuce, kuma bai rubuta ba. Da suka bar masa fedar, kwana uku ya yi yana murɗawa yana saurare, abincinsa na hucewa a kwano. Rana ta huɗu ya ce wa malamar, "'Yata, ki faɗa wa Hajiya mahaifiyarki gaskiya, ki kawo ta. Ni a shago na san Dogo, ita ce ta san shi a gida."

Hajiya ta zo da hantsi, ta zauna da jaka a cinya. Surukin ya maƙale a bakin ƙofa, ya ƙi shigowa. Malamar ta taka gurbi na bakwai ta kaɗa. Sauti ya fito tas, Mai Kunne har ya fara gyara zama.

"Da daɗi," in ji Hajiya. "Amma ba shi ba ne."

Wallahi abin ya sosa masa rai, bai dai nuna ba. Ya rage kaushi, ta girgiza kai. Ya ƙara laushi, ta sake girgizawa.

"Hajiya, me ya rage?"

"Ni ban san sunayen abubuwanku ba. Wannan ya yi tsaf da yawa. Nasa in ya kaɗa a baranda, sautin sai ya biyo ni har kicin, ya daɗe bai mutu ba."

Mai Kunne ya cire tabarau ya dafe kai. "Kai, Dogo! Ashe ina saita maka uku, kana zuwa gida kana ƙarawa! Shekara ashirin kana cin amanata!"

Ya kama eko yana yamutsa fuska kamar mai shan magani. Biyar, Hajiya shiru. Shida, shiru. Da ya kai takwas sai ta ajiye jakar a ƙasa. Malamar ta kaɗa waƙar har ƙarshe, ba wanda ya motsa, har keken tela ya tsaya.

"Kamar yanzun nan maigidana zai ce a kawo masa shayi," in ji Hajiya, tana dariya hawaye na zuba.

Sai a lokacin surukin ya samu ƙarfin shigowa, ya durƙusa. Hajiya ta ce ya tashi, ta yafe, amma ko rediyonta kada ya sake taɓawa.

Mai Kunne, kai ne ka yi shekara talatin da huɗu kana koya wa makaɗa su rage kwalliya su ji hannunsu, kuma da yawa da ke cika dandali a yau a shagonka kunnensu ya buɗe. Kai ne kuma, ranar da ƙa'idarka ta ci karo da kewar wata baiwar Allah, ka ajiye ƙa'idar ka saurare ta. Gwani mai jin na ƙasa da shi, ba a samun irinka a kowane layi.

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya ƙara lafiya. Ku kuma masu sana'a, ko ta jita ko ta wani abu, ku yi koyi da shi: ku san aikinku ciki da waje, amma ku tambayi mai abu yadda ya san abinsa. Kafin Hajiya ta fita a ranar, ya kwafe lambobin a takarda ya manna a ƙarƙashin fedar, don kada a sake rasa Dogo karo na uku. Har yau kowace safiya malamar na biyawa gidan mahaifiyarta ta kaɗa waƙar a baranda kafin ta wuce makaranta, Hajiya kuma daga kicin take saurare.