Sunan da Lado Bai Taɓa Kira Ba

Ƙanena Lado mutum ne da zai wuni bai ce uffan ba, amma bar shi da shanu ka sha labari. A rugarmu, yamma da Sule Tankarkar, da sassafe in raɓa ta kwanta, za ka ji muryarsa tana yawo a kan ciyawa yana kiransu ɗaya bayan ɗaya, Wule, Ɓale, Saige, kowacce ta ɗago kai ta taho tana kaɗa kunne. Shanu talatin da wani abu, babu wadda ba ta da suna a bakinsa. Amma ɗansa Ɗalha, shekara goma sha shida, bai taɓa jin sunansa daga bakin uban ba. Kunyar ɗan fari ke nan, haka muka tarar. In zai aike shi, sai ya dubi wani gefe ya ce a gaya wa wancan ya kai shanu rijiya.

Bara da bazara Ɗalha ya goyo amininsa Sabi'u a babur daga kasuwar Maigatari, taya ta fashe. Shi ya tashi da ƙujewa a gwiwa, Sabi'u bai tashi ba. Gwiwa ta warke cikin mako biyu, yaron ne bai dawo ba. Ba ci, ba hira, sai zama gindin aduwa yana kallon hanya kamar mai jiran mota. An yi hayaƙi, an ba shi rubutu, ƙarshe na ja shi asibiti a Gumel. Wata ma'aikaciya mai sanyin murya ta ce ciwon damuwa ne, ana warkewa, ta sa mana ranar dawowa. Ta ce amma a gida ma sai an zauna da shi an saurare shi, ba a ce masa ya yi haƙuri a tashi ba. A hanyar dawowa ne ya gaya mini wai da ma shi ne ya mutu, tunda ko Baffansa, wato Lado, bai ce masa komai ba, ya san fushi yake da shi. Tsoro ya kama ni ƙwarai.

Da na kai wa Lado maganar, wai shi kunya! Ya ce ai kullum yana sa a ajiye wa wancan nonon Wule, wanda ya fi maiƙo. Raina ya ɓaci, don ni ba na tauna magana.

Na ce, "Lado, nono ba ya magana. In saniya ta rasa maraƙinta, aike kake yi mata? Ai zuwa kake ka shafa wuyanta, ka kira sunanta."

Ya ɗauki sandarsa ya fita. Kwana uku ko kallona bai yi ba.

Rana ta huɗu muka tashi da yayyafi irin na marka, siriri, sama da ƙasa duk launi ɗaya, balbelu sun yi fari a bayan shanu. Ina durƙushe ina tatsa na hango Lado ya nufi aduwar. Ya tsuguna gefen yaron, su biyu suna kallon hanya, ruwa na ɗiga daga malafarsa. Ya zana ƙasa da sanda, ya share. Can, da muryar nan da yake kiran shanu, a hankali ya ce, "Ɗalha."

Yaron ya waiwaya hagu, ya waiwaya dama, yana neman wanda ya kira shi. Wallahi ƙwaryar ta kusa suɓuce mini.

Lado ya ce, "Ni ne. Ban taɓa ganin laifinka ba. Gaya mini yadda abin yake a ranka."

Ba zan ce ranar Ɗalha ya warke ba. Har yanzu yakan koma gindin aduwar wani lokacin, sai dai ba shi kaɗai ba, kuma duk wata Lado ne da kansa ke raka shi Gumel. Amma abin da ba na mantawa, kafin yaron ya fara ba da labarin da ya kai su har hantsi, sai da ya goge fuska da hannun riga, ya ce, "Baffa, ƙara kira. Ban ji sosai ba."

Lado ya ƙara, har sau uku, shanu na tsaye suna jiran a kwance su.