Kwaɗon Latas Da Yayata Ta Kai Wa Baffa

Ko na tsufa har na manta sunan jikokina, abin da aka yi wa yayata a kan kwaɗon latas ba zai bar zuciyata ba. Har yau in na tuna sai in ji raina yana tafasa.

Zamanin En'e ne, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba. Ina noman rani a fadamar Kurfi, sai wani malamin gona daga Dutsin-Ma ya ba ni irin latas, ya ce in gwada. Mu dai ba mu san wannan ganye ba. Ya fito kore shar, na bar wani har ya tsufa ya yi kara, in ka karya sai wani farin ruwa mai ɗaci ya tsattsafo kamar nono.

Yayata mijinta ya rasu, tana zaune gidana, kuma duk unguwa an san daɗin hannunta. Muna da Baffa, ƙanen mahaifinmu, tsoho mai fama da rashin barci da rashin cin abinci. Tausayi ya sa ta yanka latas ɗin nan, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli da yaji, ta kai mashi da kanta. Ya cinye tas, ya sallaci azahar, ya kishingiɗa. Har aka yi la'asar bai motsa ba, mutumin da bai taɓa rasa jam'i ba.

Sai ga babban ɗansa ya faɗo gidana ko sallama babu. Ya tarar da karan latas a faifai, ya karya, farin ruwa ya fito.

"Wannan ai ɗan'uwan tinya ne!" in ji shi. "Yaya, me Baffa ya yi maki za ki ba shi dafi?"

Ta ce, "Ni? Ni da ya goya a kafaɗa?"

Jama'a, ku ji rashin tunani! Don ruwan tinya da na tumfafiya fari ne, shi ke nan duk ganye mai farin ruwa ya zama dafi? Kafin magariba Baffa ya farka garau yana neman ruwan alwala, amma magana zarar bunu ce, ta riga ta zaga gari. Mata suka hana 'ya'yansu karɓar ko ƙosai daga hannunta. Aka yi suna a dangi, ta je za ta kama tuƙin tuwo, wata ta zare muciya daga hannunta ta ce, "Huta abinki, Yaya." Ta dawo gida ta zauna bakin murhu. Ni da na shuka abin ba wanda ya nuna ni da yatsa. An ga mace marar miji, an samu ta dannewa.

Ran kasuwar Dutsin-Ma na tumɓuke latas guda, na hau keke na kai wa malamin asibiti. Ya karya, ya lasa, ya yi dariya. Ya ce, "Malam, ba dafi ba ne. In ya tsufa ne farin ruwan ke yawa, shi ke kawo ɗacin, kuma akan ce yana ɗan kwantar da jiki. Ba ƙarfi gare shi ba. Tsohon da ya daɗe bai runtsa ba, ya samu ya ƙoshi, me zai hana shi barci?"

Na dawo na faɗi wannan a ƙofar masallaci, da ƙarfi. Sai aka yi ta "to, to, Allah Ya kyauta," kowa ya kama gabansa. Ko mutum ɗaya bai taka ya ba ta haƙuri ba.

Bayan kwana shida sai ga ɗan Baffan nan yana sosa ƙeya. Wai Baffa bai ƙara samun barci irin na ranar ba, ya ce a roƙo mashi kwaɗon nan. Wallahi na miƙe zan kore shi, Yaya ta ce, "Bari, ƙanena. Baffa bai yi mani laifi ba."

Ta kwaɗa, ta kawo kwanon. Ya miƙo hannu, ta ce, "Tsaya tukuna." Ta ɗebi loma ta ci a gabansa, ta haɗiye, sannan ta ba shi. Ya kasa ɗaga kai.

Na ɗauka a nan abin ya ƙare. Ashe a'a. Yaya ta ƙara shekara ashirin da wani abu a duniya, ba ta sake miƙa wa kowa abinci ba sai ta fara ɗanɗanawa a gabansa, har ni, har 'ya'yana. Tun daga nan na koyi cewa abin da ban sani ba in tambaya kafin in buɗe baki, domin gaskiya tana wanke mutum a idon jama'a, amma ba ta mayar mashi da abin da ƙazafi ya karya a zuciyarsa.